Nauyi Mai Rai

Almu na riƙe da jaririn kamar wanda aka miƙa wa tiren ƙwai, sai wani ɗan farin gari ya zubo daga sama ya sauka kan zanen da aka naɗe yaron da shi. Ya hure. Wani ya sake zubowa.

"Tallabe mashi kai mana," in ji yayarsa Suwaibatu daga kan gado, tana gyara ɗaurin kallabi. "Abdulƙarim aka raɗa mashi, tunda kai ba ka iso ba sai da aka shafa fatiha."

"Babur ne, Yaya. Ya mutu mani bisa hanya."

Bai gaya mata mai ne ya ƙare ba. Injiniya guda, da biro uku a aljihun gaba, ya taso daga Kankara bai leƙa tanki ba, ya ƙarasa Mairuwa yana tura Vespa cikin takalmi mai doguwar dunduniya, manyan motocin Gusau na wucewa yaran mota na ɗaga masa hannu. Wannan ya bar wa cikinsa.

Ya ɗaga kai don ya ga inda garin ke fitowa.

Rufin ɗakin kankare ne, shi ne kuma daɓen ɗakin da ke sama. A tsakiya akwai ƙugiyar ƙarfe da aka bari don fanka, ran da wutar lantarki za ta iso gari. Daga gindin ƙugiyar nan filasta ta dare, tsagar ta tafi tana karkace har kusa da bango, faɗinta ya isa a cusa tsinken tsintsiya. Tsakiyar rufin kuma ta ɗan sauko, saukowar da ba mai lura da ita sai wanda ya san yadda aka bar ta.

Shi kuwa ya sani, don shi ya zana gidan.

Bai daɗe da gama kwalejin Kaduna ba ya kama aiki a ma'aikatar ayyuka a Kankara, inda duk abin da aka taɓa ba shi ya zana kwalbati ne. Ƙaramin kwalbati, babban kwalbati, kwalbatin da ruwa ya cinye a sake shi. Lokacin kuwa kuɗi ya shigo ƙasa, kowa na gini. Mijin yayarsa, Alhaji Audi mai sayen hatsi da auduga, ya samu kwangilar kai abinci makarantun kwana, ya ce shi ma bene yake so, a bakin titi, inda duk mai zuwa Gusau zai gani. Almu ya ce a bar masa. Tun da aka gama ginin, ba wanda ya zauna kusa da shi a Kankara ya tashi bai ji labarin benen Mairuwa ba. Har hoto ya ɗauka a gaban gidan da hular kwano a kai, ya rataye a ofis saitin ƙofa.

"Yaya, tun yaushe wagga tsaga ta fito?"

"Ta kwana biyu. Inna Mairo ta ce sabon gini ne ke zama."

"Kina jin wata ƙara?"

"Wani lokaci yakan yi ƙas, kamar an karya kara. Na ce ko ɓeraye ne."

"Ɓeraye? Mi ɓera zai ci a ɗakin baƙi?"

Suwaibatu ta kau da kai ta hau ninke zanen da ke ninke. "Tambayi Alhaji. Makullin sama na wurinshi."

Ya miƙa mata yaron ya fita.

A ƙofar gida maza na zaune ƙarƙashin rumfa, an ci an sha, ana jiran naman ragon suna. Akwai dangin Alhaji daga Pauwa da Daudawa, akwai abokan kasuwancinsa daga Funtua da suka ajiye motocinsu a jere. Alhaji Audi na tsakiya cikin sabuwar shadda, yana ganin Almu ya washe baki.

"A'a, Injiniya! An ce yau babur ne ya hau ka."

Aka kwashe da dariya. Ashe labarin da ya bar wa cikinsa ya riga shi zuwa rumfa. Tsakanin miji da ƙanin mata dama wasa ne, Almu ya yi yaƙe ya bi kowa ya gaisa, sannan ya durƙusa kusa da kunnen Alhaji.

"Alhaji, ina son in ga sama."

Dariyar ta bar fuskar Alhaji. "Sai an jima."

"Yanzu, don Allah."

Suka haura matakala su biyu, Alhaji na gaba yana tattare riga. Da ya buɗe ƙofar, ƙamshin sabuwar dawa da warin maganin ƙwari suka bugi hancin Almu. Ɗakin da ya zana don gado biyu da kujerun hutawa, ɗakin da ya yi wa manyan tagogi don baƙi su sha iska, ya cika da buhuna daga ƙasa har kusa da silin. Dawa a dama, masara a hagu, a tsakiya an bar 'yar hanyar da mutum ɗaya zai bi a karkace. Ita ma an fara cike ta daga can ciki.

 Almu ya ja da baya ya tsaya a bakin ƙofa, inda ya san akwai bango a ƙarƙashinsa.

"Alhaji, ba a yi ɗakin ga don wannan ba."

"Ɗaki ai ɗaki ne. Ƙasa akwai damshi, akwai ɓera. Nan kuwa ko ƙwaro bai hawowa."

Almu ya gyara tsayuwa. Duk da tsoron da ke cikinsa, sai ya ji wani ɗan daɗi ya ratsa shi, don tun da ya bar Kaduna yake jiran wanda zai buƙaci wannan bayani. Malaminsu, wani Ba'indiye mai yawan atishawa, ya sha maimaita musu shi har suka haddace.

"Ka ga, Alhaji, nauyin da gini ke ɗauka iri biyu ne. Akwai wanda muke ce wa mataccen nauyi, wato nauyin ginin kanshi. Kankare, rodi, bulo, kwano. Shi tun ran da aka gama gini yana nan inda yake, bai ƙaruwa bai raguwa, shi ya sa lissafinshi ke da sauƙi. Sannan akwai nauyi mai rai, wanda ke shiga ya fita. Mutane, gadaje, akwatuna. Shi ba a san iyakarshi ba, sai dai a tambayi mai gida mi za a yi da ɗakin, a yi ƙiyasi, a ƙara wani abu bisa don tsaro. Kai ka ce mani ɗakin baƙi. Na sa rodin ɗakin baƙi."

Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai. "To, madalla. Mataccen ka ce ka lissafa shi duka?"

"Duka."

"To ai shi ke nan. Dawa ba ta da rai."

"A'a, Alhaji, dawa tana cikin mai rai."

"Dawar da aka sussuka aka ɗinke cikin buhu?"

"E. Tunda shigo da ita aka yi."

Alhaji ya kai hannu ya daki buhun da ke kusa da shi, ya kara kunne kamar mai jiran amsa. "Ka ji ta yi magana? Almu, shekara nawa gwamnati ta yi tana ciyar da kai a Kaduna don a gaya maka buhu na da rai?"

Almu ya ji yadda maganar take a kunnen mutum mai hankali, ya ga ba laifin Alhaji. Ya sake gwadawa. "Buhu ɗaya ya fi ƙato nauyi. Dubi yadda aka jera su. Kamar a cika ɗakin da ƙarti ne, sannan wasu su hau kafaɗarsu, wasu su hau kafaɗar waɗancan, har silin. Kuma su ba su tashi su tafi gida da yamma. Ƙasa rufin ya tsage, Alhaji. Saitin gadon Yaya."

 Alhaji ya ce, a hankali, "Ran da aka zuba kankaren nan, gaban mutane, mi ka ce mani?"

Almu ya tuna. Ranar yana tsaye kan katakon sama da hular kwano, leburori na miƙo kwanonin kankare, mutanen gari sun taru suna kallo, har da 'yan mata masu tallar fura. Ya buga ƙafa ya ce wannan ko giwa aka ɗora masa zai ɗauka.

"Ko giwa, ka ce," in ji Alhaji. "Ni kuwa ban kawo giwa ba."

"Giwa ɗaya nike nufi," in ji Almu, muryarsa ta yi ƙasa.

Alhaji ya ja ƙofar ya kulle. Ya juyo, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Ka ga mutanen da ke rumfa? Rabinsu sun zo wurina tun kaka, na ce masu bana ban saya ba, kuɗina na cikin kwangila. Kai yaro ne lokacin fari, kana makaranta ana ba ka shinkafa. Ni na ga abin da ke faruwa da gidan da aka san akwai hatsi ciki. Shi ya sa na kira yara daga garin Sabuwa, baƙi, suka hau da shi cikin dare ba wanda ya sani. Ka bari jibi kowa ya watse, in sake kiransu su sauke. Abin da ya tsaya mako da makonni ai ya ƙara kwana biyu."

Ya sauka ya bar shi.

Almu ya biyo baya yana bin jikin bango. Abin kunyar shi ne, kafin ya kai ƙasa ya fara yarda da maganar. Ai kankare ba ya faɗuwa haka kawai. Ai ya ƙara wani abu a lissafin don tsaro. In aka bari jibi, a sauke a ɓoye, a shafe tsagar da filasta, benen Mairuwa na nan a matsayin benen Mairuwa, hoton ofis na nan a bango. In kuwa aka sauke yau, daga Funtua har Gusau za a ji cewa ginin Injiniya Almu ya kasa ɗaukar dawa. Ya lura duk hujjojin da ke zuwar masa sun zo ne daga gefen da zai fi masa daɗi, kamar shaidun da aka ciyar.

Yana tsaye a gindin matakala sai ya ji ta. Ƙas. Ba ƙarfi, kamar an karya kara.

Ɗakin Suwaibatu ya fara cika. Mata 'yan suna sun fara isowa da ƙoren hatsi da sabulu da 'yan riguna, wasu na zaune a ƙasa, yara na rarrafe tsakaninsu. Inna Mairo, gwaggon Alhaji da ke kula da mai jego, tana bakin gado tana fifita kunun kanwa. Almu ya yi sallama ya tsaya a tsakiyarsu da rigar safari, ya yi gyaran murya.

"Yaya, akwai matsala game da rabon nauyi. Wato mataccen nauyin ɗakin ga..."

"Subhanallahi!" Inna Mairo ta ajiye ludayi. "Ranar suna kake kiran mutuwa bisa kan jariri? Wane irin karatu ne wannan? Tofar da yawu!"

Injiniya ya tofar da yawu, mata na kallonsa. Wata ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Ya dubi yayarsa. Ita ce ta goye shi lokacin da uwarsu ke gona, ita ta sayar da akuyarta aka yi masa akwatin tafiya makaranta. Ya ji duk Turancin da ke kansa ya zube.

"Yaya, sama cike take da hatsi. Rufin ga na iya faɗo maki, ke da yaron. Ban san yaushe ba. Yana iya zama yau."

Suwaibatu ta dube shi, irin kallon da take yi masa yana ƙarami in tana son ta gane ko ƙarya yake.  Ta sauko daga gado ta ɗauki jaririn.

"Kowa ya fita. Ku kwashe yaran. Saudatu, bar ƙwaryar nan, fita," ta ce wa yarinyar da ke mata aike.

"Mai jego a tsakar gida, cikin iska?" in ji Inna Mairo, amma ita ma ta riga ta miƙe da kwanon kunun a hannu.

Suwaibatu ta zauna kan turmi ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, can nesa da ginin, ta aika a kira mai gida. Alhaji ya shigo da sauri, ya ga mata cirko-cirko a rana, ya ga Almu, ya gane.

"Alhaji," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba, "na yi shiru da aka hau da shi don ka ce in yi shiru. Yanzu ko hatsin ya sauko, ko ni da ɗana mu bi Almu Kankara bisa babur ɗin da ba mai."

 Matan dangi duk sun ji kalmar hatsi, ba mai mayar da ita. Alhaji ya ciro makulli daga aljihu ya jefa wa Almu a ƙasa.

"Kai ka gina. Kai ka sauke. Ni ban kiran kowa."

Bayan gida akwai ragowar katakon da aka yi aikin kankare da shi. Almu ya roƙi mahautan da suka gama feɗe rago, suka taya shi shigo da masu kauri, aka kafa su tsakiyar ɗakin Suwaibatu aka tokare rufin, aka buga musu 'yan guntaye a gindi har suka kama. Duk lokacin da guduma ta sauka sai ya ji kamar a ƙirjinsa. Da aka gama, mahautan suka koma ga namansu, don ba a ce musu su yi fiye da haka ba.

Ya haura shi kaɗai. Rabonsa da ɗaukar abin da ya fi allon zane nauyi tun kafin ya tafi Kaduna, amma ai ɗan manomi ne, ya ce wa kansa, jini ba ya mantuwa. Ya ja buhu ɗaya daga tsakiya, ya durƙusa, ya juya shi kan bayansa. Ya miƙe. Har ya yi mamakin kansa. Matakalar gidan ta waje ce, shi ya zana ta haka don a riƙa ganin masu hawa daga titi. Don haka duk wanda ke rumfa ya ga fitowarsa, ya ga taku na farko da na biyu, ya ga lokacin da doguwar dunduniyar ta karkace. Buhun ya bar bayansa ya bi ta kansa, ya gangara yana dukan matakala, shi kuma ya biyo shi a zaune. A ƙasa ɗinkin ya ɓalle. Jar dawa ta watsu har ƙarƙashin motocin Funtua, Injiniya na tsakiyarta, biro ɗaya ya rage a aljihu.

Aka yi tsit, sannan rumfa ta fashe da dariya. Wani tsoho har da riƙe ciki. Almu ya zauna yana kakkaɓe dawa daga gashinsa, ya ga in da shi ne a rumfar da ya fi kowa dariya. Ya cire takalman ya ajiye gefe.

"Jama'a, ku taimaka," ya ce. "Akwai irinshi da yawa sama, kuma ginin ya gaji."

Mutanen Daudawa da Pauwa suka tashi suna tuɓe riguna. Sai ga su duka sun nufi matakala a tare, kowa na son ya riga ganin abin da ke saman.

"A'a! Bibbiyu! Bibbiyu za ku shiga!" Almu ya tare hanya da hannu biyu, ƙafa ba takalmi. "Ku ma nauyi ne! Ku fara da na tsakiya, ku bar na jikin bango sai ƙarshe. Kada wanda ya jefar da buhu, a ajiye a hankali!"

Suka so su ture shi. Sai ginin ya sake yin ƙararsa, wannan karon kowa ya ji. Daga nan ba wanda ya yi musu. Biyu su shiga, biyu su fito, Almu na gindin matakala yana kira har muryarsa ta dushe.

Buhuna suka fara taruwa a bakin titi. Da farko ana yi ana raha. Da tarin ya kai ƙugu, raha ta ragu. Da ya wuce tsayin mutum aka fara sabon layi, sai aka daina magana. Masu ɗauka na sauke buhu su ɗaga ido su dubi Alhaji Audi, su koma. Tsohon nan da ya riƙe ciki, ƙanin mahaifin Alhaji ne daga Pauwa, ya tashi ya zagaya tarin da sandarsa, ya dawo ya zauna. Alhaji na tsaye gefen rumfa, gumi ya jiƙa wuyan shaddar. Wata motar haya ta rage gudu, fasinjoji suka leƙo.

Akwai wani maroƙi a wurin, Nata'ala, wanda tun safe ya yi kirarinsa ya karɓi abin da ya samu yana gyangyaɗi jikin bango. Hayaniya ta tashe shi. Ya dubi tarin hatsi, ya dubi fuskokin mutane, ya dubi Alhaji. Ko bai gane abin da ke faruwa ba ne, ko kuwa ya fi kowa ganewa, Almu bai taɓa sani ba. Ya dai miƙe ya sa hannu a kunne.

"Jama'a ku zo ku gani! Alhaji Audi ya buɗe rumbun sama don Abdulƙarim! Wasu rago suke yankawa, shi bene ya zazzage! Na Suwaibatu, mai ɓoye alheri sai ranar da ta dace! Pauwa ku kawo buhu, Daudawa ku kawo ƙwarya!"

Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Alhaji ya juyo ya dubi Almu. Kallon ya daɗe. Almu ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Sannan Alhaji ya gyara hula, ya taka gaban tarin, ya ɗaga hannu kamar dama abin da ya shirya ke nan.

"A fara da Baba," ya ce. "A kai mashi biyu gida. A kawo tiya, a auna wa mata."

Aka yi ta kabbara da addu'a. Tsohon Pauwa ya kama hannun Alhaji ya daɗe yana sa masa albarka. Nata'ala ya bi kowa da kirari, har ya iso kan Almu, ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa, ga alama yana neman abin faɗi.

"Ga kuma Injiniya! Mai ginin da ke faɗin gaskiya in ya ƙoshi!"

Ɗaya daga cikin alhazan Funtua, wanda da safe ya ce wa Almu su haɗu yana da fili a bakin tasha, ya zo wucewa zai shiga mota. Ya yi masa sannu da aiki, ya ce Allah ya ƙara basira, bai ƙara ambatar filin ba.

Sai bayan la'asar aka sauke na ƙarshe. Abin da ya rage bayan rabo aka loda a motar Alhaji za a kai sito a Funtua. Almu ya hau ya duba daɓen sama, ya sauko ya shiga ɗakin ƙasa ya hau kujera ya duba tsagar. Ta ɗan haɗe. Rufin ya ɗan koma, ba duka ba. Alhaji ya same shi a nan, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba.

"Ka gama da ni yau," ya ce. Amma bakinsa na motsi kamar mai danne murmushi, don tun daga titi ake jiyo ana kiran sunansa. "Yanzu mi za a yi?"

"Sai an kafa ginshiƙi nan tsakiya. Kuma zan roƙi babban injiniyanmu ya zo ya duba, kada a tsaya ga maganata."

"In an kafa ginshiƙin, buhu nawa zai ɗauka?"

"Ko ɗaya, Alhaji."

Alhaji ya yi tsaki ya tafi wurin baƙinsa.

Suwaibatu na nan ƙarƙashin dalbejiya, an kawo mata kujera, yaron na barci a cinyarta. Almu ya zo ya tsuguna gabanta, rigar safari ta yage a hammata.

"To, Injiniya," in ji ta, "in koma ɗakina?"

"An sauke nauyin, Yaya. Abin da ya rage nauyin ginin ne kawai, shi kuma rodin da ke ciki ya fi ƙarfinshi nesa ba kusa ba. Ga kuma katako an tokare. In dai lissafi ne..."

"Ba lissafi na tambaye ka ba. Kai ka kwana ciki?"

"Mi zai hana?"

"Madalla. Ni da yaro muna ɗakin Inna Mairo har babban naku ya zo. Kai dama ba ka komawa Kankara yau. Saudatu, ba shi tabarma."

Ya karɓi tabarmar ya shiga. An kwashe gado da kwanuka, ba komai sai katakan da ke tsaye tsakiyar ɗaki. Ya tsaya a tsakaninsu ya ɗaga kai. Ya bi lissafin a ransa tun daga farko, kaurin kankare, yawan rodi, tazarar bango da bango, ya ga daidai ne. Ya sake bi, ya sake ganin daidai ne. Ya shimfiɗa tabarmar a tsakiya, saitin tsagar, ya tsaya yana kallonta hannu a ƙugu.

Can ya sa ƙafa ya ɗan ja ta gefe. Ya ƙara ja. Bai tsaya ba sai da rabinta ya fita waje kan dakali. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce wa kansa ai nan ya fi iska.